Mikin Zuciya Da Shaye-shaye: Nasiha Ga Iyaye Da Malamai

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya fifita shi da hankali, Ya kuma saukar wa kowace cuta da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, babu wani Musulmi mai hankali da ke shakkar haramcin giya da duk abin da ke gusar da hankali, ko na sha ne, ko na shaƙa, ko na haɗiya, ko na allura. Malamai sun lissafa hankali a cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare su, watau addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Wannan magana an daɗe ana yin ta a kan mumbari, kuma gaskiya ce. Amma duk da yawan wa'azin, kullum sai ƙaruwa masu shaye-shaye suke yi. Wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairu na 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Ɗaya daga cikin kowane huɗu kuwa mace ce. To, lalle ne a tsaya a tambaya: me ya sa mutumin da ya san hukunci, ya kuma ga yadda abin ya lalata na gabansa, yake kai hannu ya ɗauka?

Amsoshin suna da yawa. Akwai miyagun abokai, akwai zaman banza, akwai son burgewa irin na ƙuruciya. Sai dai akwai wani dalili babba wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne mikin da ke cikin zuciya, wanda wani tashin hankali ya bari bai warke ba.

Abin da ƙetaren kogi ya gani

Duk wanda ya wuce filin wasa na Ahmadu Bello ya ƙetare gadar Kogin Kaduna zuwa Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha, ya shiga yankin da a dā shi ne zuciyar masana'antun Arewa. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, wasu masaƙun kuma suka biyo baya. Dubban ma'aikata, Musulmi da Kirista, daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, suna zaune gida ɗaya, suna fita aiki tare in an busa jiniya. Masaƙar nan ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Magidanta da yawa suka wayi gari ba aiki, wasu suka mutu suna jiran haƙƙinsu, 'ya'yansu suka tashi suna kallon uba zaune a ƙofar gida ba ya iya ba da kuɗin cefane.

A daidai wannan lokaci ne kuma garin ya ga jini. An yi rikicin watan Fabrairu da na watan Mayu na 2000, wanda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci rayuka aƙalla 2,000. An sake yin wani a watan Nuwamba na 2002, sa'an nan na bayan zaɓe a watan Afrilu na 2011. Bayan waɗannan fitinu mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka koma kudu, maƙwabtakar shekara talatin ta watse a dare ɗaya. Ƙura ba ta gama lafawa ba sai ga masu satar mutane. A watan Yuli na 2021 aka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachiya, a watan Maris na 2022 kuma aka tare jirgin ƙasa mai zuwa daga Abuja.

An binne waɗanda suka mutu, an sake gina wasu gidajen, kasuwa ta ci gaba da ci. Amma yaron da yake ɗan shekara goma a 2000, wanda ya ga an kashe mutum a gabansa, ko ya kwana a barikin soja bai san inda mahaifiyarsa take ba, yau magidanci ne wanda ya ba talatin baya. Sau da yawa ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi abin da idonsa ya gani. An dai ce masa ya yi haƙuri, ya manta. Shi kuwa bai manta ba.

Yadda mikin yake aiki

Larabawa suna kiran irin wannan bugu na farat ɗaya da sunan sadma, watau karo mai tsanani. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da wata dabara ta tsaron kai: idan haɗari ya taso, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya ƙaurace, kunne da ido su buɗe, domin mutum ya gudu ko ya kare kansa. Ga yawancin mutane, in haɗarin ya wuce, aka samu 'yan'uwa suka tallafa, jiki yakan koma daidai cikin 'yan makonni. Ga wasu kuwa abin ba ya sauka. Sai mutum ya riƙa mafarkin abin da ya faru, ya firgita in salansar babur ta yi ƙara, ya ƙi bin wata hanya ko da ita ce mafi kusa, ya zama mai saurin fushi, ko kuma zuciyarsa ta bushe ba ya jin daɗi ba ya jin ɗaci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun sanya wa wannan hali suna na musamman a 1980, bayan sun ga yadda ya addabi sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Idan alamomin suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, to, sun zama cuta mai bukatar magani.

Malaman Musulunci sun riga su lura da wannan. Abu Zaidin al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 322 ta Hijira, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da firgici, da fushi, da baƙin ciki, da waswasi a matsayin cututtukan rai waɗanda ake jinyarsu kamar yadda ake jinyar na jiki, ya kuma nuna cewa ciwon ɗayan yana taɓa ɗayan.

To, mutumin da ya yi wata da watanni bai runtsa ba, sai wani aboki a tashar mota ko a bayan kango ya miƙa masa kwalbar maganin tari mai kodin, ko ƙwayar tiramol, ko ƙullin wiwi. Daren nan sai ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Daga ranar ƙwaƙwalwarsa ta riƙe cewa ga inda sauƙi yake. Kwana kaɗan ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. In kuwa bai samu ba, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya karyo, tsoron da ya gudu dominsa ya dawo ninki biyu. A nan ya kai matsayin da Larabawa suke ce wa idmani, watau lizimtar abu har a kasa rabuwa da shi. Yanzu cutarsa ta zama biyu.

Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa na farko a 1998, ya tambayi dubban manya irin wahalar da suka sha suna yara, kamar duka mai tsanani, da cin zarafi, da ganin ana dukan uwa, da tashi a gidan mashayi. Aka tarar waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye na waɗannan sun ninka sauran kamar sau bakwai wajen zama mashaya giya, kamar sau goma kuma wajen yi wa kansu allurar ƙwaya. Saboda haka mikin ba a filin rikici kaɗai ake samunsa ba. Ana samunsa a cikin ɗaki, wajen yarinyar da aka keta wa haddi aka ce ta yi shiru don kada a ɓata sunan gida, da matar da ta binne jariri bayan jariri, da maraya wanda ya tashi a hannun wanda ba ya tausayinsa.

Ba kowane mashayi ne mai miki ba, kuma akasarin waɗanda suka sha wuya ba su taɓa kusantar maye ba. Sanin dalili kuma ba ya halatta haram. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani sahabi, Ɗariƙu ɗan Suwaidu, ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa shi don magani yake haɗa giya, sai Annabi ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Kalmar khamru ma asalinta ɗaya da khimar, watau mayafi, domin aikinta rufewa ne. Tana lulluɓe mikin na 'yan sa'o'i, shi kuwa yana can ƙarƙashi yana ƙara ruɓewa.

Ciwon zuciya ba raunin imani ba ne

Akwai wani kuskure da ya yaɗu, wai duk wanda baƙin ciki ko tsoro ya kama, imaninsa ne da rauni. Wannan magana takan sa mai ciwo ya ƙara ɓoye ciwonsa. Alhali kuwa Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yakubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, kuma shi Annabi ne ɗan Annabi. Malaman tarihi suna kiran shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu da sunan shekarar baƙin ciki. Bayan Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu, ya musulunta, Manzon Allah ya karɓi Musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Yafewa ta tabbata, amma ganin fuskar yana tayar da abin da ya wuce. Wanda ya fi kowa imani ke nan.

A dubi kuma abin da Nana Hadiza, Allah Ya yarda da ita, ta yi ranar da Annabi ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa. Da farko ta lulluɓe shi har firgicin ya lafa. Sa'an nan ta saurari labarinsa. Sa'an nan ta tuna masa kyawawan halayensa. Daga ƙarshe ta kai shi wurin masani, watau Waraƙatu ɗan Naufal. Duk mai son taimakon wanda ya firgita, ga tsari nan a jere: a kwantar masa da hankali, a saurare shi, a ƙarfafa masa zuciya, a kai shi wurin wanda ya san abin.

Mari da tsinuwa

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, suka fito da mutum kimanin 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a baya. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da fatan za a raba su da ƙwaya ko kangara. Ba a zargin iyayen da rashin ƙauna, domin gajiya da rashin sanin inda za su nufa ne suka kai su can. Amma mutumin da tsoro da wulaƙanci suka jefa shi cikin shaye-shaye, in aka ɗaure shi aka yi ta duka, an ƙara masa abin da zai sha dominsa ne ranar da ya fito. Haddi a shari'a aikin alƙali ne, da sharuɗɗansa da shaidunsa. Babu nassin da ya ba wani mai gida izinin ya mai da ɗakinsa kurkuku.

Haka nan tsinuwa. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum mai suna Abdullahi, wanda yakan sa Annabi dariya, an kuma sha kawo shi saboda shan giya. Wata rana da aka sake kawo shi, sai wani ya la'ance shi saboda yawan maimaitawarsa. Manzon Allah ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya gargaɗi sahabbai kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Uwar da ke ɗaga hannu tana yi wa ɗanta baki saboda ya sace mata tukunya ya sayar, ta tuna da wannan. Zafin da take ji gaskiya ne, amma addu'arta ita ce abu mafi tsada da ya rage wa yaron.

Hanyar komowa

Mataki na farko shi ne tambaya da saurare. Uba ko wa ko miji ya zaɓi lokacin da mutumin yake cikin hayyacinsa, ba a gaban jama'a ba, ya tambaye shi yaushe abin ya fara, kuma me ya faru kafin nan. Kada a tilasta shi ya fayyace komai a zama ɗaya. Abin da ya faɗa kuma amana ne, ba na kai wa majalisa ba.

Na biyu shi ne asibiti. Annabi ya yi umurni da neman magani, kuma ruƙya da addu'a ba sa hana zuwa wurin likita. A nan ƙetaren kogi, a Barnawa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, wanda yake da sashen jinyar masu shaye-shaye. Mutane da yawa suna ƙyamarsa saboda sunan da aka laƙaba masa na asibitin mahaukata, har wani ya gwammace ɗansa ya lalace a gida da a gan shi a ƙofar wurin. Wannan kunya ba ta addini ba ce. Hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. A sani kuma, wanda jikinsa ya saba da giya mai yawa ko ƙwayoyin sa barci, in ya daina farat ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Don haka rage su aikin likita ne. Kuma wajibi ne a gaya wa likitan labarin mikin, domin a yi jinyar cututtukan biyu tare. In an cire ƙwaya aka bar firgicin, hannu zai sake laluben wata.

Na uku shi ne bi sannu a hankali. Allah da Ya san halittarSa bai haramta giya a rana ɗaya ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sa'an nan ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka yanke hukunci. Nana A'isha ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka tun kafin imani ya zauna a zukata, da mutane ba su bari ba. Hukuncin ya riga ya cika, ba mai sassauta shi, amma hikimar tarbiyyar tana nan. Wanda ya yi wata uku bai sha ba sa'an nan ya zame, bai koma inda ya faro ba. A kama hannunsa a tashe shi, domin ƙofar tuba ba ta rufuwa saboda maimaitawa.

Na huɗu shi ne sauya wuri da abokai. A hadisin mutumin nan da ya kashe rai ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya umurce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Binciken da aka yi a kan sojojin Amurka ya ƙarfafa wannan: kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hodar heroin a Biyetnam, amma da suka koma gida cikin iyalinsu, kaɗan ne ƙwarai suka sake kamuwa a shekarar farko. Wanda aka sallamo daga asibiti aka mai da shi bakin kangon da ya saba zama, ba aiki ba makaranta, an yi aikin banza.

Na biyar shi ne a mayar masa da mutuncinsa. Malaman tarihi sun kawo labarin Abu Mihjan, jarumi ne amma giya ta fi ƙarfinsa, an yi masa haddi ba sau ɗaya ba. Ranar yaƙin Ƙadisiyya, zamanin Sayyidina Umar, yana tsare saboda ita. Ya roƙi matar kwamanda Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta sake shi, bisa alkawarin zai dawo in ya rayu. Ta yarda da shi. Ya yi yaƙi irin na maza, ya dawo da ƙafarsa ya koma inda aka tsare shi. Da Sa'adu ya ji, ya sake shi, ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba. Nan take Abu Mihjan ya yi alkawarin ya bar giya har abada. Abin da bulala ta kasa, amincewa ta yi shi. Saboda haka mai garejin da ya karɓi yaron da ya tuba ya koya masa aiki, da tela, da mai walda, da ɗan kasuwar da ya ba shi jiran shago, duk suna cikin masu jinya, kuma ladansu yana wurin Allah.

Nauyin da ke kan limamai

Liman da malamin Islamiyya su ne mutane suke fara kai wa kuka, tun kafin su tuna da likita. Ya kamata kwamitin kowane masallaci a Kakuri da Makera da Barnawa da sauran unguwanni ya san hanyar asibiti da ranakun ganin likita, ya ware wani abu daga zakka da sadaka domin kuɗin maganin marasa hali, ya kuma samu mata masu ilmi da riƙon asiri waɗanda 'yan'uwansu mata za su iya buɗe wa ciki, tun da shaye-shayen mace a ɗaki ake yinsa, ba a gane shi sai ya yi nisa. Mai warin hayaƙi in ya shigo sahu cikin hayyacinsa, a matsa masa wuri. Ƙafar da ta kawo shi masallaci ita ce ake fata ta raba shi da kango.

Haƙƙin maƙwabtaka kuma bai tsaya ga Musulmi ba. Wutar da ta tashi a garin nan ta ƙona gidaje a kowane ɓangare, kuma dillalin ƙwaya ba ya tambayar addinin mai saye. Ɗan maƙwabci Kirista da ke kwance a bakin kwata, nuna wa iyayensa hanyar magani aikin lada ne.

Ga wanda yake cikin wannan hali kuwa, idan wannan shafi ya kai hannunsa, ya sani abin da aka yi masa ko ya gani yana yaro ba laifinsa ba ne, amma neman magani yau nauyi ne a wuyansa. Ya zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi ya gaya masa. Ya riƙe salla ko da yana faɗuwa yana tashi, ya riƙe addu'o'in safiya da maraice da na kwanciya barci, ya kuma je asibiti.

Allah Ya warkar da zukatan da suka ji rauni, Ya shiryi matasan Musulmi maza da mata, Ya ba iyaye haƙuri da basira, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da garin Kaduna da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.